Motar Gawa Ta Mutu a Kawukudi

Sau uku motar gawa ta masallacin layin su Baba Musah tana mutuwa a kan hanya, kuma duk sau ukun da mamaci a bayanta. Na ukun ya fi muni. Ranar Laraba ce da hantsi, an ɗauko wani tsohon ɗan dako za a kai shi makwancinsa. Ana isa mahaɗar Kawukudi injin ya yi tari biyu ya yi shiru. Direbobin torotoro, ƙananan bas ɗin haya, suka cika wurin da ham. Baba Musah ya yi ta murza makulli har batir ya fara nishi. Ƙarshe sai da aka sauke makarar, maza suka ɗauke ta a kafaɗa cikin cunkoson motoci, marasa kunya suna ɗaukar hoto da waya, kafin wani mai tifa ya ji tsoron Allah ya tsaya.

Motar tsohuwar Fijo 404 ce mai buɗaɗɗen baya, ta girmi rabin masu salla a masallacin. Shekara talatin da ɗaya Baba Musah yana tuƙa ta don Allah.

Da aka turo ta unguwarsu ta Nima, aka shigar da ita rumfarta a gefen masallaci, sai aka kira Tajudeen, fita, wato makanikin da ke duba ta, daga New Town. Ya ɗaga bonet, ya ɓalle murfin distributa, wato ɗan kwanon da ke raba wa filogi wuta, ya karkata shi a gaban jama'a. Ruwa ya ɗiga.

"Kwana tara sama bai yi ruwa ba," in ji Tajudeen. "Wannan ba ciwon mota ba ne, Alhaji. Hannun mutum ne."

Alhajin da yake nufi shi ne Alhaji Habib, shugaban kwamitin masallaci, mutum mai saurin yanke hukunci da jinkirin janye shi. Bai ko juya ba ya ce, "Makulli a hannun mutum ɗaya yake. Kuma shekara guda ke nan mutumin yana damunmu a ajiye wannan a nemo sabuwa. Da muka ƙi, sai ya koma wulakanta matattunmu don ya tilasta mu."

Baba Musah ya dubi makullin da ke hannunsa.

"Jibi Juma'a," in ji Alhaji Habib. "Ana sallame salla za a karɓi makulli, a faɗi dalili a lasifika, kowa ya ji."

Mutanen da Baba Musah ya kai iyayensu kabari suna tsaye a wurin. Duk suka kau da kai. Liman ne kaɗai ya ce kafin a kira sunan dattijo a lasifika, a kira Maman tukuna.

* * *

Maman mutumin Tawa ne, can Nijar, yana gadin wani sito a Maamobi. Da ƙuruciya bin sawun raƙuman sata ne aikinsa. A Nima sau ɗaya ya gano ragon layya da aka sace, tun daga nan ake kiransa Mai Sawu. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce Baba Musah ne ya tsince shi a tasha ba shi da kowa, ya ba shi ɗaki a gidan da yake. Har yau tuwon matar Baba, Mma Ayishetu, yake ci.

Ya zo ya tsuguna a bakin rumfar, ya daɗe yana kallon ƙasa. Babu ƙasa. Siminti ne, kuma ƙafa ta fi ɗari ta tattake shi tun safe. A Tawa yashi yana gaya wa mutum wanda ya wuce, da nauyin kayansa, da ko yana sauri. Nan ba abin da ya gaya masa komai.

Ya miƙe ya duba motar. Bai san inji ba, ko keke bai taɓa gyarawa ba. Abu ɗaya dai ya gani: maƙullin bonet ya daɗe da lalacewa, da tsinken robar taya ake ɗaure shi.

"Wanga ai ko akuya ta buɗe shi," ya ce.

Ya ji daɗi na ɗan lokaci, domin maganar makulli ta faɗi. Sai kuma ya tuna cewa in ba a bukatar makulli, to duk Nima ce abin zargi.

* * *

Ya sami Tajudeen a garejinsa yana cin gasasshiyar ayaba da gyaɗa, hannu duk baƙin mai.

"Masa Taju, ka yi mini bayani kamar kana yi wa jaki."

"Chale, abokina, ni ma jakin ne yanzu," in ji Tajudeen. "Zauna. Mota abu uku yake so: mai, iska, wuta. Karo na fari, wata biyu baya, ana ruwan sama ya mutu. Na duba, murfin nan ya tsage, ruwa ya shiga. Na shanya shi, na ce wa kwamiti a canza. Alhaji ya ce a lallaɓa."

"Na biyu fa?"

"Na biyu rana tsaf. Ban zo ba sai washegari, na tarar komai a bushe. Na wanke kabureta. Na canza filogi huɗu. Na goge kontak. Na taɓa kwayil ko yana zafi. Na leƙa tanki ko an zuba gishiri. Babu. Ka san abin da na yi? Na ɗora buhun siminti biyu a baya, nauyin mutum, na bi Kawukudi har Kotobabi na dawo, sau uku. Ko tari bai yi ba. Amma a ɗora gawa, ya mutu."

"Mota ta san gawa da siminti?"

"Ka tambaye shi, ga shi can a rumfa."

Maman ya sosa gemu. "Ana cewa kai ke lalata ta don a riƙa kiranka."

Tajudeen ya ajiye ayabar. "Uwana a bayan motan nan ya tafi. Ka faɗa wa mai cewa haka ya zo ya faɗa a gabana, ina riƙe da sifana."

Maman ya fito ya fi yadda ya shiga ruɗewa. Mutum ya zuba ruwa, wannan ya tabbata. To amma mugun da ke son ɓata mota, me ya hana shi yanke waya ɗaya ya huta? Me ya sa sai ranar jana'iza, kuma sai ruwa?

* * *

Mutum uku suka raɗa masa sunan Anti Wadia mai waakye, shinkafa da waken da rabin layin ke karyawa da shi. Da za a gina rumfar motar, teburinta aka ɗage aka mai da ita bakin kwata, kuma an ji ta tana cewa motar nan za ta gani.

"Na faɗa!" in ji Wadia, tana zuba wa wani shito, soyayyen yajin waakye, a leda. "Na faɗa, zan kuma faɗa. Shekara takwas ina wurin nan, suka tura ni inda ƙuda ke salla. Amma ni in taɓa motan matattu? Mai Sawu, ka dube ni da kyau. In zan je famfo, zagayawa nake ta bayan masallaci don kar zanena ya goge shi."

Masu saye suka yi dariya, suka ce gaskiya ne, kowa ya sani.

"Daga nan kina hangen rumfa. Wa kika gani?"

"Da safe ina ganin tukunya, ba na ganin mutum. Amma ranar Talata da yamma na ga Alhajinku yana zagaya motan, yana leƙe-leƙe kamar mai neman aure. Je ka tambaye shi, in kana da zuciya. Za ka ci ne ko tsayuwa ka zo yi?"

Maman ya je ya tambaya. Alhaji Habib ya dube shi tun daga hula har silifa.

"Ni kake bincike? Mai nake dubawa, ko ana zuƙe shi. Kai kuma kowa ya san tuwon gidan wa kake ci. Ka yi abin da Liman ya sa ka, kada ka wuce nan."

Maman bai gaskata shi duka ba, bai kuma ƙaryata shi ba. Ranar Talata da yamma ɗan dakon bai ma rasu ba. In Alhaji ne, yaya aka yi ya san gobe akwai gawa?

* * *

Bayan la'asar ya tarar da Baba Musah zaune a kan benci a tsakar gida, makullin a tafin hannunsa. Mma Ayishetu tana gefe tana tsince shinkafa, ta miƙe ƙafarta mai ciwon gwiwa.

"Baba, kai ka ce a sayi sabuwa?"

"Na ce. Ta tsufa, Maman, ni ma na tsufa. Tsorona kada wata rana ta kunyata mamaci. Ga shi abin da na ji tsoro shi aka ce na yi." Ya juya makullin. "Su karɓa, ba komai. Lasifikar ce. Jikokina za su ji."

"Allah ba zai bari ba," in ji Mma Ayishetu, ba ta ɗago ba. "Ana ta addu'a."

Maman ya shiga ɗakinsa da mutum huɗu a kansa, kuma ko ɗaya bai zauna daidai ba.

* * *

Ranar Alhamis da sassafe, yana tasowa daga gadi, ya sake komawa rumfar, don bai san inda zai je ba. Ba kowa. Ya zauna a ƙasa ya jingina da tayar gaba. Nan ya ga kiyashi.

Layi guda suka yi, suna hawa tayar, suna shigewa ƙarƙashin bonet. Maman ya san kiyashi ba ya bin fetur, ba ya bin baƙin mai, ba ya wahala a kan ruwan famfo. Ya kwance robar ya ɗaga. Layin ya bi ta kan injin har gindin distributa, inda wani abu ya bushe ya bar tabo ruwan ƙasa-ƙasa mai ɗan danƙo. Ya dangwala da yatsa ya kai harshe.

Ɗaci, da ɗan zaƙi a ƙarshe. Ya san wannan ɗanɗanon tun yana yaro. Tawadar ƙonannen sukari ce, wadda ake rubutu da ita a allo a wanke a sha.

Ya tsaya da yatsa a baki. Rubutu. Wane irin mugu ne ke ɓarna da addu'a?

Yanzu da ya san abin da yake nema, simintin ya fara magana. A kan bulon da ke bakin rumfa akwai zagayen tabo, girman gindin buta, kiyashi sun kewaye shi. Butar tana yoyo ke nan, kuma an ajiye ta nan. Ya shiga lungun da ke bayan masallaci yana ƙirga taku. A taku na talatin, kan murfin kwata, ga wani zagayen. A bangon da ke kusa, daidai ƙugunsa, akwai gurbin hannu da ɗan jan manja. Wani taku talatin, wani zagayen, wani gurbin hannun. Mai butar gajere ne, kayan sun yi masa nauyi, yana hutawa yana dafa bango.

Lungun ya karkata hagu, ya wuce mai injin niƙa, ya ƙara karkata. Maman ya daina ƙirga taku, domin ƙafarsa ta san hanyar. Zagaye na ƙarshe yana kan dakalin gidan da yake kwana. A bayan ƙofar Baba Musah ya ga babbar butar roba, shuɗiya, an toshe gindinta da ƙullin leda, cikinta ya yi baƙi.

Ya fita neman abin da zai wanke mai gidansa, ga shi sawu ya kawo shi ƙofar mai gidan. Ya yi tunanin jefa butar a babbar kwata. Ba wanda ya gan shi. Amma in ya jefar, gobe za a kira sunan Baba, kuma ranar wata jana'izar motar za ta sake tsayawa da wani bawan Allah a baya. Ya sa butar a buhu.

* * *

Bayan la'asar Liman ya tara su a barandar masallaci: Alhaji Habib da 'yan kwamiti, Baba Musah, Tajudeen, da Anti Wadia wadda ta ƙi zama sai a can nesa da rumfa. Matan layi suna bayan labulen sashensu, ana jin motsinsu.

Maman ya faɗi abin da ya gani, bai ƙara ba bai rage ba. Sannan ya zaro butar ya ajiye a tabarma.

"Ta wa ce?" in ji Liman.

Baba Musah ya dube ta, ya sake dubawa. "Ta gidana ce."

"Alhamdu lillahi!" Alhaji Habib ya tafa hannu. "Na faɗa tun jiya. Yaron gidansa ma ya kama shi."

"Ban ƙare ba, Alhaji," in ji Maman. "Wanda ya ɗauko butar ga, kowane taku talatin sai ya huta ya dafa bango. Baba yana zuwa Maamobi a ƙasa bai tsaya ba. Kuma hannun da manja." Ya dubi tabarma. "Wanda ya yi na sani. Dalilin ne ban gane ba, wallahi."

Sai murya ta fito daga bayan labule.

"Ni ce, Malam. Kada a wahalar da Maman."

Mma Ayishetu ce. Ta ɗage labulen kaɗan, tana dafe da bango.

"Ayishetu?" in ji Baba Musah. "Ke?"

"Tun da ta tsaya ranar ruwan nan, mata suke cewa an sa mata hannu, wasu su ce matattun ne ba sa son tafiya. Na ga ba ka barci. Sai na je aka yi mini rubutun tsari. Mutum in ba shi da lafiya ana ba shi ya sha. Ita ba ta da baki, sai na buɗe na zuba mata a kan zuciyarta, lokacin da kuka shiga wankan gawa."

"Kofi nawa, Mma?" Tajudeen ya tambaya a hankali.

"Karon farko kofi ɗaya. Da ta sake tsayawa, na ce bai isa ba ne. Jiya na cika buta."

Tajudeen ya riƙe kai da hannu biyu. "Shi ke nan. Ruwan yana kwanciya a kan inji. In ya yi zafi, aka taka birki a gangaren Kawukudi, sai ya gangaro ya shiga tsagin murfin, wuta ya ɗauke. Ni kuma ina ta yawo da siminti kamar mahaukaci." Ya juya ga Alhaji Habib. "Da an canza murfin nan ran da na ce, ko wanka Mma ya yi wa motan, zai tashi."

Wadia ta yi wata ƙara daga can, aka harare ta.

Liman ya ce, "Ayishetu, niyyarki Allah ya gani. Amma ayar Allah ba a zuba ta a kan ƙarfe da baƙin mai. Addu'a a baki take, gyara a hannun mai gyara. Kuma da kin tambayi mijinki, da ba a ɗauki bawan Allah a kafaɗa cikin motoci ba."

Ta fara kuka a hankali. Ba wanda ya fi ta sanin abin da ta jawo.

Alhaji Habib ya gyara zama. Irinsa ba sa iya saukowa a taku ɗaya. "To, ko ma yaya ne, daga gidansa abin ya fito. Jama'a suna jiran bayani gobe."

Baba Musah ya tashi. Ya zo tsakiyar tabarma ya ajiye makullin kusa da butar.

"Gaskiya ne, gidana ne. Ga makullinku. Gobe a kira sunana, a ce sakacina ne. Nata kada a kira. Shekara arba'in ba ta taɓa sa an ji kaina ba, abin da ta yi ma don ni ta yi."

Ya koma ya zauna.

Liman ya dubi makullin, ya dubi 'yan kwamiti. Sannan ya ce, "To, ga makulli. Mutuwa ba ta daina zuwa layin nan ba. Wa zai ɗauka?"

Wani ɗan kwamiti ya ce shi idonsa ba ya gani sosai. Wani ya ce aikinsa a can garin Tema yake, ba ya samun fita. Aka dubi Tajudeen.

"Ni gyara nake, ba na ɗauka," ya ce.

"Alhaji fa?" in ji Liman. "Kana da mota, ka iya tuƙi."

"Giyarta a sitiyari take," in ji Alhaji Habib. "Ban saba ba."

"Wankin bayanta in an dawo ma sai an saba," in ji Liman. "Da ɗauko wanda ya kwana uku a asibiti ba a san danginsa ba. Shekara talatin da ɗaya ban ji an yi rububin wannan ba."

Makullin yana nan kan tabarma. Maza goma sha biyu suna kallon yatsun ƙafarsu. Maman ya dube su ɗaya bayan ɗaya, ya ga a karon farko tun jiya akwai abin da ya gane sarai.

Alhaji Habib ne ya miƙa hannu a ƙarshe. Ya ɗauki makullin, ya tashi da ƙyar, ya taka har gaban Baba Musah, ya durƙusa a kan gwiwa ɗaya.

"Musah, na yi maka zato, kuma na faɗe shi a gaban mutane. Ka yafe mini a gaban mutane."

Baba Musah bai karɓa nan take ba. "Murfin fa?"

"Za a canza."

"Yaushe?"

Alhaji ya waiwayi Tajudeen. Tajudeen ya ɗaga kafaɗa. "Na 404? Sai an tona kasuwar kayan mota ta Abossey Okai shago-shago. In an dace."

"Da ƙafata zan je," in ji Alhaji Habib.

Sannan Baba Musah ya buɗe tafin hannunsa.

Washegari, da aka sallame sallar Juma'a, mutane ba su tashi ba, suna jiran su ji sunan da za a kira. Lasifika ta yi ƙara, ladan ya yi gyaran murya. Ya ce kwamitin masallaci yana cigiyar murfin distributa na Fijo 404, sabo ko tsoho, duk wanda ya san inda yake ya ga Alhaji Habib. Bai ƙara komai ba.